Ƙararrawar Tela

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Tela, duniyarsa ta dawo ɗaki guda a gidan babban ɗansa: gadon ƙarfe irin na asibiti, taga mai kallon katangar maƙwabta, fanka a sama, rediyo a kan kujera. Hannun daman da ya tsufa yana riƙe da almakashi ya kwanta a gefensa kamar na aro. Harshe ya yi nauyi, duk maganar da ya ɗauko sai ta fito "aa, aa" haɗe da yawu. Amma kansa garau yake, kunnensa kuwa har ya fi na da ji, kuma wannan shi ne babban tashin hankalin. Da hankalin ya tafi tare da bakin, da ya huta. Sai ga shi kwance yana jin komai, yana gane komai, ana magana a kansa kamar ana cinikin tsohon keken ɗinki.

Abin da ya rage masa na magana a duniya shi ne ƙararrawa. Autarsa ce ta sayo lokacin da ta zo jinyarsa a asibiti, kafin ta koma garin da take aure, can nesa. Ƙararrawa ce irin ta ƙofar gida, marar igiya. Akwatinta yana maƙale a soket ɗin lungun da ke tsakanin ɗakuna, maɓallin kuma Auta ta ɗinke shi a jikin wani ƙyalle, ta zagaya masa a tafin hannun hagu, daidai inda babban yatsa zai kai. Ɗinkin a karkace yake, da yana da baki da ya sa ta warware ta sake. Amma duk sanda ya danna ya ji "ƙilin-ƙilin" a lungu, sannan ya ji takun ƙafa, sai ya san har yanzu shi mutum ne a gidan nan.

Matsalar ita ce barci ya ƙaurace wa idonsa. Mutumin da ya yini a kwance, ina zai samo gajiyar da zai yi barci da ita? Da rana ya ɗan gyangyaɗa, da dare kuwa ido biyu. Ƙafar da ta mutu ta riƙa yi masa tsami, baya ya ɗauki zafi yana so a juya shi, fitsari ya matsa, sai ya danna. A faɗi gaskiya kuma, ba kullum ne yake da dalili ba. Wani lokacin tsoro ne kawai yake kama shi, tsoron kada ran ya fita babu kowa a kansa, sai ya danna don ya ji ana tahowa.

Mai tahowar kuwa kusan kullum surukarsa ce, matar babban ɗan, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a makarantar firamare. Shi mijin nata, da ƙannensa da duk gidan ke ce wa Yaya, Allah ya yi masa baiwar barci, irin wanda ko rufin ɗaki ya rufto sai dai da safe a ba shi labari. Ko kuma ya iya yin kamar yana barci, wanda shi ma baiwa ce. Da rana akwai wata dattijuwa mai aiki da ke kula da tsoho, amma dare na Malama ne. Ita ce za ta tashi ta kawo kwanon fitsari, ta juya shi, ta gyara filo, gari ya waye ta shirya yara, ta je ta tsaya gaban aji idonta jajir. Ba da mugunta ta fara ba. Ta ajiye kunyar surukuta a gefe, ta wanke ƙazantar mutumin da bai haife ta ba, kuma ba ta taɓa toshe hanci a gabansa ba. Amma gajiya ba ta san ido ba. Tela yana kallon yadda gaisuwarta take ƙanƙancewa, daga "Sannu Baba, me ake so?" zuwa "Baba, mene ne kuma?" har ta kai ta shigo ta yi abin da za ta yi ta fita ba ta ce uffan ba.

Wata Asabar da hantsi sai ta shigo da fara'ar da ya daɗe bai gani a fuskarta ba, Yaya na biye da ita da kofin shayi. A hannunta akwai wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, mai ƙananan fitilu, kore da rawaya da ja.

"Baba, albishirinka," in ji Malama. "Mun gano abin da ke hana ka barci."

Ta yi bayani da muryarta ta aji, dalla-dalla. Wai duk abin da ke amfani da wutar lantarki yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, radiyeshin ake ce masa, yana shiga ƙwaƙwalwar mutum ya hana ta hutawa. Wata abokiyar aikinta ce, wadda ke sayar da turare da jakunkuna da maganin rage tumbi a ofishin malamai, ta nuna mata a waya, har ta ba ta aron na'urar awon. Ko maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba, wannan sai masana. Abin da ya tabbata shi ne ta zo wa Malama a kan gaɓa. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Ta kara na'urar a jikin rediyo. Fitilar ja ta kama, abin ya hau ƙara kamar ɗan tsako.

"Ka ji ko, Baban yara? Da wannan fa yake kwana a kunnensa."

"Ikon Allah," in ji Yaya, ya kurɓi shayi. "Ashe mu ne muke cutar da shi ba mu sani ba."

Tela ya ce, "Aa, aa."

"Ka ga, shi ma ya yarda," in ji Malama, ta naɗe igiyar rediyon ta miƙa wa mijinta.

Daga nan sai tsohuwar wayar da ake jingina masa a jikin kofi idan Auta ta kira, don ya ga fuskarta. Ita ma ta sa na'urar kuka, ita da cajarta. Malama ta ce ba komai, idan Auta ta kira sai a kawo masa tata. Ta ɗaga na'urar sama wajen fanka, fitilar rawaya ta kama, ta tsaya ta yi ɗan tunani, sannan ta ce wannan da sauƙi. Fankar ta tsira ne don idan babu ita warin ɗakin zai isa falo.

Sai ta fita lungu, Yaya ya bi ta. Tela ya san inda tafiyar ta nufa tun shigowarta, rediyo da waya rakiya kawai suka yi. Ya ji na'urar ta tsala ƙara a can, ta ƙi yin shiru.

"Ni dai ba zan ce komai ba," ya ji Malama ta ce. "Mahaifinka ne. Amma abin nan da ke hannunsa a kan jijiyarsa yake, dare da rana."

Yaya ya yi gyaran murya irin ta mutumin da ke jira a ƙara tura shi kaɗan.

"In ka ga a bar shi, a bar shi. Ni dai na sauke nauyi."

"A'a, ai lafiyarsa ake nema," in ji Yaya.

Ya dawo ya zauna a bakin gado, bai kalli idon uban ba. Tela ya dunƙule hannu, ya danna, ya danna, ya danna. Gidan ya cika da ƙilin-ƙilin, har yara suka leƙo daga falo. Malama ta zare akwatin daga soket, ƙarar ta yanke a tsakiya. Yaya ya shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana mamakin ƙarfin da ya rage a hannun tsoho. Ƙyallen ya ƙi zamewa, don Auta ta ɗinke shi tamau. Malama ta je kicin ta ɗauko almakashi, babban almakashin Tela na shago, mai baƙin hannu, wanda ko 'ya'yansa bai taɓa yarda su yanka takarda da shi ba. Yanzu da shi ake yanka kaza da buɗe ledar omo.

"Haƙuri za ka yi, Baba," in ji Yaya yana yanka ƙyallen. "Gwaji ne kawai. In ba a ga canji ba sai a mayar."

Da ya sunkuyo, wayar da ke aljihun rigarsa ta bugi haɓar uban. A falo talabijin na ta surutu, firji na gurnani a kicin. Su ba wanda ya auna su.

Canji kuwa an gani. Gidan ya samu barci. Kafin wata ya zagayo kumatun Malama sun ciko, har tana waƙa in tana wanke-wanke. Maganar kwanon fitsari ta ƙare, aka sayo ƙunzugun manya. Da yamma za a ɗaura masa, a ja ƙofa a rufe, wai kada tururin talabijin ya shigo. Ranar farko da ya kasa riƙewa ya ji ɗumi ya bi cinyarsa, sai da ya yi kuka, shi da ko ranar da aka binne matarsa ba a ga hawayensa ba. Ya yi ta kiran "aa, aa" har muryar ta dishe, amma kiran bai wuce ƙofa ba. Sai gab da wayewar gari wahala ke kayar da shi, daidai lokacin da ake leƙowa.

"Zo ka gani," Malama za ta ce wa mijinta ƙasa-ƙasa. "Barci yake kamar jariri."

"Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ƙawar nan taki da alheri."

Haka aka riƙa gaya wa duk mai zuwa dubiya. Wata rana Mai-zare ya zo, tsohon maƙwabcinsa na kasuwa, wanda suka yi shekaru suna tsokanar juna a kan wa ya fi wani rowa. Tela ya ƙura masa ido, ya ɗaga hannun hagu yana motsa babban yatsa a kan tafin da ba komai. Idan akwai wanda zai gane, ai Mai-zare ne.

"Ka ga ja'iri, yana kwance ma yana nuna a ba shi kuɗi," in ji Mai-zare, ya kwashe da dariya.

Malama ta kawo masa ruwa, ta ba shi labarin tururi daga farko har ƙarshe. Mai-zare ya riƙe baki.

"Yarinya, ina ake samun na'urar nan? Tsohuwata ma ba ta barci, ta hana ni sakat."

Hawaye ya gangaro wa Tela ta gefen ido ya shiga kunne. Malama ta ce na murna ne, ya ga abokinsa.

Amma wanda ya yi rayuwarsa yana fitar da riga daga yadin da bai isa ba, ba ya rasa dabara. Wata rana da mai aiki ta ba shi shayi, ya ja cokalin ya tura ƙarƙashin cinyarsa. Da gida ya yi tsit ya zaro shi ya shiga buga ƙarfen gado. Dabarar ta yi aiki sau ɗaya tak. Yaya ne da kansa ya zo, ido a kumbure, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon uban irin kallon da ake yi wa famfo mai ɗiga. Ya karɓe cokalin ya fita, ko juya shi bai yi ba. Washegari Malama ta dawo daga makaranta da sabon ilimi: ashe ƙarfe janyo tururin yake yi. Aka naɗe ƙarafan gadon da tsofaffin barguna, aka ɗaure da igiya, aka koma ba shi abinci da cokalin roba. Wannan karon ko na'urar ba a ɗauko ba, tuni ta koma hannun mai ita.

Gyambo ya fara fito masa a ƙugu, inda ƙashi ke danne katifa. Mai aiki ta gani ta faɗa, aka sayo man shafawa.

Idan Auta ta kira, sau da yawa Malama cewa take Baba na barci, kada a tashe shi, da ƙyar aka samu barcin ya daidaita. In kuma an kawo wayar, daga bakin ƙofa ake nuna masa ita saboda tururi, an ja masa bargo har wuya. A irin wannan kiran ne ya ji Auta ta ce jaririnta ya yi ƙwari, za ta zo ta yi musu kwanaki. Tela ya kama maganar nan ya riƙe. Ya daina ƙin abinci. Duk abin da aka tura masa a baki haɗiyewa yake, don kada ya mutu kafin ta iso. Auta ce ta sayo ƙararrawar, Auta ce za ta dawo masa da ita.

Wata rana da la'asar Auta ta iso, da goyo, ƙafafu a kumbure saboda zaman mota. Ko mayafi ba ta cire ba ta shigo wurinsa. Warin ɗakin ya tare ta, ta tsaya cak. Ta dubi barguna a jikin gado, ta dubi kujerar da ba rediyo, sannan ta ɗaga hannunsa na hagu ta juya shi.

"Ina ƙararrawar?"

Abin da Tela ya ji daga lungu a ranar ya fi masa duk maganin da aka taɓa ba shi.

"Wane irin tururi? Yaya, kai ma da iliminka? Mutum ba baki, ba ƙafa, ku ƙwace masa abu ɗayan da yake kira da shi? Ku ji tsoron Allah!"

"Ki yi a hankali, Auta," in ji Yaya. "Likita ma ya ce barci na da muhimmanci."

"Likita ne ya ce a ɗaura masa ƙunzugu a rufe ƙofa?"

Malama ba ta ɗaga murya ba. "Ke baƙunta kike zuwa, ƙanwata, shi ya sa bakinki yake da kaifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ga ki ga mahaifinki, ba wanda ya hana ki."

"Haka za a yi kuwa. Kowa ya yi barcinsa, ni zan riƙa tashi."

Ta tono ƙararrawar a durowar kicin, cikin matattun batura da makullan da ba a san na ina ba ne. Ta maƙala akwatin a ɗakin da aka sauke ta, dab da katifarta. Ta dawo da rediyo, ta kwance bargunan ta watsar a tsakar gida, ta wanke gyambon tana share hawaye da bayan hannu. Sannan ta zauna ta ɗinke maɓallin a sabon ƙyalle, ta zura masa a tafin hannu.

Tela ya danna. Can ɗakin baƙi aka ji ƙilin-ƙilin.

"Na'am, Baba," in ji Auta, tana dariya tana kuka.

So yake ya ce Allah ya yi miki albarka. Ba shi da bakin faɗa, sai ya sake dannawa.

A nan ne tsoho ya yi kuskuren da ya kashe shi da ransa. Maganar watanni ce ta taru a cikinsa, kuma ƙofa ɗaya ce gare ta. Godiya, dannawa ce. Ƙarar Malama da yake so ya kai, dannawa ce. Labarin cokali, da wautar Mai-zare, da kyan jaririn nan mai kama da marigayiya kakarsa, duk dannawa ne. Auta ta tafi yi wa jariri wanka, ya danna, ta taho da kumfa a hannu.

"Ruwa, Baba?"

Ya girgiza kai.

"Juyi? Fitsari? Rediyon ne ya yi ƙara?"

Ya girgiza kai, ya yi mata murmushi da rabin bakin da ke motsi.

"To mene ne?"

Na gode yake cewa. Ta shafa kansa ta koma. Ba ta kai ga bahon ba ya tuna bai gaya mata ɗinkin nan ya fi na farko kyau ba.

Da dare abin ya fi muni, don tsoro ya ƙaru a kan murna. Da ya ji shiru ya yi yawa sai zuciyarsa ta ce masa an zare akwatin, sai ya danna don ya tabbatar. Ƙarar ta tashi a kan kunnen jariri, jariri ya tsala ihu, Auta ta taho tana jijjiga shi tana layi. Tela ya san ba daidai yake yi ba. Yakan ce wa yatsan ya bari, amma wa ya taɓa ce wa mai jin yunwa ya ci a hankali ya ji?

Malama kuwa ta zuba musu ido. Da safe za ta fito fes, ta yi barcinta ta more, ta tarar da Auta zaune a kicin ta dafe kai.

"Sannu da aiki, ƙanwata. An tashi lafiya?"

Hanyar da muryar Malama ta bi a cikin watanni, muryar Auta ta bi ta a cikin 'yan kwanaki. "Na'am, Baba" ya koma "Baba, don Allah." Wata safiya jaririn ya tashi da zazzaɓi, ta samu da ƙyar ya yi barci, ta kwantar da shi ke nan sai ƙilin-ƙilin. Ta faɗo ɗakin ba ɗankwali.

"Baba, wai so kake ka kashe ni ne?"

Maganar na fita ta toshe bakinta. Ta durƙusa ta kifa kai a gefen gadon tana ba shi haƙuri. Shi kuwa wannan karon da dalilinsa, ƙafarsa ce ta zame ta maƙale a ƙarfen gado. Ba ta lura ba, shi ma bai nuna mata ba.

Ana gobe za ta tafi, da yamma, ya jiyo su a kicin ita da Malama suna yankan albasa. Sun rage murya, amma sun manta kunnen tsoho bai shanye ba.

"Anti, ki yafe min maganganun da na yi ranar nan. Wallahi ban sani ba."

"Haba, ba komai. Gani ya kori ji."

Wuƙa ta ci gaba da sauka a kan katako. Can sai Auta ta ce, "Wai ni kam, maganar tururin nan, da gaske ne?"

"Ni me zan ce? Ke dai kin gani da idonki. Tun da kika mayar masa da abin nan, ya runtsa?"

"Gaskiya bai runtsa ba," in ji Auta a hankali.

Tela ya gane inda maganar ta dosa. A daren nan bai danna ba ko sau ɗaya. Ya tura babban yatsan cikin sauran ya damƙe. Ƙugu ya yi ta zugi, ƙishirwa ta busar masa da maƙogwaro, fitsari ya matsa har ya sake shi a kwance, shi da kansa, da ƙararrawa a hannunsa. So yake ta ga zai iya, ta ga ya yi hankali. Auta kuwa ta yi barcin da rabonta da shi tun isowarta, kuma wanda ya yi barci ba ya sanin wa ya ƙyale shi ya yi.

Da hantsi ta shigo sallama, ta yi shiri, goyo a baya, jakarta a bakin ƙofa. Ta gyara shi da kanta, ta canza zanen gadon, ta shafa masa mai. Sannan ta zauna ta ɗauki hannunsa na hagu ta riƙe cikin nata biyu, tana murzawa, tana gaya masa za ta riƙa kira, kuma ba za ta daɗe ba za ta dawo. Idonta na kan fuskarsa, tana murmushi. Amma a ƙasa, a gefen maɓallin, ya ji farcenta yana neman bakin murfi. Ya ji ɗan motsin da murfin ya yi, ya ji ya koma. Tafin da ya san bambancin nauyin allura da allura ba zai kasa sanin an cire masa ɗan batir ba.

Ya dube ta. Ta kawar da ido, ta gyara masa bargo.

"Ga ƙararrawarka nan, Baba. Na gaya musu, ba wanda zai sake cire maka ita."

Ta miƙe, hannunta ɗaya a dunƙule. Malama na tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar.

"A bar masa a hannu, Anti," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Yana jin daɗin dannawa."

Tela ya danna. Maɓallin ya shiga, ya fito, gidan shiru. Ya sake dannawa, ya ɗaga hannun sama iya ƙarfinsa don ta gani, yana cewa a ransa kada ki yi min haka, ke ce kika saya, jiya ban kira ba, ki tambayi kowa. Auta ta waiwayo. Ta ga hannun a sama, ta ga yatsan yana shiga yana fita.

"Na'am, Baba," in ji ta. "Na ji. Sai na dawo."

Yaya ya danna hon ɗin mota a waje. Ta ja ƙofar ta rufe, shi kuma bai daina dannawa ba.